Daga Bodinga Zuwa Shagari: Tarihi Na Gefen Titi, Waya Na Hannunka

In ka taɓa shiga mota daga Sakkwato za ka Tambuwal ko Jega, faɗa mani gaskiya: me kake yi a hanya? Na san amsar. Kanka na sunkuye a waya, kana duba wanda ya yi maka layik, ko kuma barci ya kwashe ka tun kafin a fita gari. Direba ya tsaya a Bodinga ya sauke fasinja, ka ɗaga kai ka sayi ruwan leda, ka koma. Aka wuce Sifawa ba ka ma sani ba. Aka iso Shagari ka ce, "Au, har mun zo garin shugaban ƙasa?"

To ɗan'uwa, wannan 'yar tafiyar da ka yi barci a cikinta, shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce nan ne cibiyar mulkin daula mafi girma a Afirka ta Yamma a zamaninta. Wayar nan kuma da ta hana ka kallon taga, ita ce kayan aikin da masu binciken tarihi da adabi a duniya ke amfani da irinsa yau don su mayar da labari kan ƙasar da ya faru. Maganar da na zo da ita ke nan.

Ɗora labarin a kan ƙasa ka ga abin da zai fito

Mu fara da abin da aka karantar da mu. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta a 1754. Ya zauna Ɗagel yana karantarwa. A watan Fabrairun 1804 ya yi hijira zuwa Gudu. A wannan shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto. A 1805 jama'a ta sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara, daga nan ta wuce Gwandu. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Bayan haka Shehu ya koma Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Bodinga, ya zauna har 1815 da ya tashi zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1817.

Ka haddace wannan jerin, ka ci jarrabawa, ka manta. Haka muka yi dukkanmu.

Yanzu ɗauki sunayen nan ka ɗiga su a taswira, ɗaya bayan ɗaya. Abu na farko da za ka lura: Maratta yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Wato iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa ta tsakiyar labarin. Gwandu tana jihar Kabi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991. Zamfara ta zama jiha a 1996. Labari ɗaya, yau ya warwatsu a ƙasashe biyu da jihohi uku.

Abu na biyu ya fi ba da mamaki. A shekarun da Shehu yake Sifawa, ƙaninsa Malam Abdullahi yana zaune a Bodinga, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana Sakkwato, garin da ya fara ginawa a 1809. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Auna tsakanin garuruwan nan uku. Sifawa da Bodinga maƙwabta ne. Bodinga zuwa Sakkwato tafiyar yini ce a ƙasa, yau kuwa ba ta kai awa guda a mota ba. Daga wannan ɗan kusurwar ake aika wasiƙu Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Adamawa.

Da zarar ka ga haka, tambayoyi za su fara zuwa da kansu. Kwana nawa manzo yake yi daga Sifawa zuwa Kano? Ta wace hanya yake bi da damina, in gulbi ya cika? Me ya sa aka zaɓi nan, tsakanin Gwandu da Sakkwato? Ina ruwa yake, ina makiyaya? Ɗaliban da suka cika Sifawa suna ɗaukar karatu, daga waɗanne garuruwa suka zo? Jerin shekaru ba ya haifar da irin waɗannan tambayoyin. Taswira ke haifar da su. Wannan shi ne amfanin taswirar kwamfuta ga mai nazarin tarihi ko adabi ko harshe: tana nuna maka abin da ke ɓoye tsakanin layukan littafi.

Ba yau muka fara ba

Kada wani ya ce maka harkar taswira ta Turawa ce. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abin da ya koma da shi gida har da taswirar ƙasashen wannan yanki da aka zana masa a fadar Bello, mai nuna garuruwa da hanyoyi da kogin Kwara. An buga ta a Landan a 1826. A lokacin Turawa na ta gardama kan inda Kwara ta nufa, sai ga su suna neman bayani a wurin mutanen Sakkwato. Shi kansa littafin Bello, Infaƙul Maisuri na 1812, da bayanin ƙasashe da al'ummomin da ke zaune cikinsu ya fara, kafin ya shiga labarin jihadi.

Malam Abdullahi ma ya bar mana Tazyinul Waraƙati a 1813, cike da sunayen wuraren da aka yi karatu da wuraren da aka yi yaƙi. Nana Asma'u ta tsara waƙa kan tafiye-tafiyen mahaifinta, wadda ake kira Waƙar Gewaye a Hausa, tana bin zango-zango.

Sai mu gangaro Shagari. Kowa ya san Alhaji Shehu Shagari a matsayin shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Kaɗan ne cikin matasa suka san malamin makaranta ne tun farko, wanda ya yi elemantare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya koyar a Sakkwato da Argungu. A zamanin malantarsa ya rubuta Waƙar Nijeriya, doguwar waƙa da ke koya wa yara labarin ƙasa da tarihin ƙasarsu da Hausa. Yaro ya rera, garuruwa da koguna su zauna masa a ka. Mutumin da aka haifa a Shagari a 1925 ya haɗa adabi da labarin ƙasa da alli da allo. Kai da kake da tauraron ɗan'adam a aljihu, wane uzuri gare ka?

Abin da wasu ke yi da nasu tarihin

A jami'ar Stanford ta Amurka, masana sun fito da wani shiri a 2012 mai suna ORBIS. Za ka zaɓi garuruwa biyu na tsohuwar daular Rum, ka zaɓi wata, ka zaɓi ko da jaki za ka ko da jirgin ruwa, sai ya lissafa maka kwanakin tafiya da kuɗin da za ta ci. Akwai SlaveVoyages, rumbun da ya tattara bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi sama da 36,000 da suka ratsa tekun Atlantika, ana ganin inda aka ɗauki mutane da inda aka sauke su. Akwai al-Thurayya, taswirar garuruwa da hanyoyin duniyar Musulunci ta ƙarnonin farko. A jami'ar Pittsburgh kuma ana gina World Historical Gazetteer, kundin sunayen wurare na tarihi daga ko'ina a duniya, wanda masu bincike ke iya zuba nasu bayanan a ciki.

Ka yi tunanin irin ORBIS na ƙasar Hausa: daga Sifawa zuwa Kano da raƙumi, daga Sakkwato zuwa Gwanja da ayarin goro. Duk waɗannan manyan ayyukan daga abu guda suka faro, wato wani ya zauna ya rubuta sunan wuri, ya tabbatar da inda yake, ya faɗi inda ya samo labarin.

A nan gida ma an yi aikin taswira mai yawa, sai dai ba don tarihi ba. Lokacin yaƙi da cutar shan inna an gano cewa taswirorin da ake zanawa da hannu suna tsallake ƙauyuka da rugage, yara na rasa rigakafi. Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam da na'urar GPS, ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano suka shiga aikin. Daga baya shirin GRID3 ya fitar da bayanan matsugunai da asibitoci da makarantu da iyakokin mazaɓu na Nijeriya, kowa na iya saukewa kyauta. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Wannan taswirar ta san inda ƙauyenku yake. Amma ba ta san wanda ya sari garin ba, ba ta san dalilin sunansa ba, ba ta san rijiyar da aka fara ginawa ba. Wannan ɓangaren yana bakin tsofaffi, kuma kullum sai an kai ɗaya makwanci.

Suna shi ne babbar matsala

Kafin ka ɗiga komai, sai ka yi fama da suna. Clapperton ya rubuta Sackatoo. Turawan mulki suka ce Sokoto. Mu muna cewa Sakkwato. A rubutun Larabci da ajami kuma wata siffar ce daban. Heinrich Barth, Bajamushen da ya bi hanyar Sakkwato zuwa Gwandu a 1853, Gando ya rubuta. Ɗagel ta zama Degel. Alƙalawa ta rasa lanƙwasarta ta zama Alkalawa. In ba a haɗa waɗannan a wuri guda an ce duk gari ɗaya ne ba, kwamfuta za ta ɗauka garuruwa ne daban-daban.

Ga kuma akasin haka: suna ɗaya, wurare da yawa. Rubuta Sabon Gari a Google Maps ka gani. Zai kai ka Kano ko Zariya, alhali wanda jama'ar Shehu ta sauka a 1805 yana Zamfara. Ɗalibin da ya kwafi amsar farko da waya ta ba shi ya tura hijira ɗaruruwan kilomitoci inda ba ta je ba. Tudun Wada nawa ka sani? Sabon Birni fa?

Amma sunayen nan kansu taska ne. Ɗauki jerin ƙauyukan Bodinga da Shagari da Yabo, ka ware masu farawa da Gidan wane, da Tungar wane, da Ruggar wane, ka ba kowane rukuni launinsa. Gidan wane yakan riƙe sunan wanda ya kafa wurin. Tunga ƙaramin zango ne da ya girma. Rugga ta makiyaya ce. Ka duba waɗanne ne suka bi fadama, waɗanne suka hau tudu, waɗanne ke da sunan Fulfulde. Furojet ɗin digiri ke nan sukutum, kuma babu wanda zai ce ka kwafo shi.

Ɗan sashen Hausa ma yana da rabo. A ina "mi" ke komawa "me"? A wane gari "shina" ke zama "yana"? Ana cewa Sakkwatanci kamar abu ɗaya ne, amma ka saurari mutumin Gwadabawa da na Tambuwal da kyau. Ko ka ɗauki waƙoƙin Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗan Anace, ka fitar da duk garin da aka ambata ka ɗiga. Za ka ga duniyar mawaƙin da idonka, inda take da faɗi da inda ta tsaya.

To ta ina za ka fara?

Kada ka ce za ka yi taswirar daular Usmaniyya gaba ɗaya. Zaɓi abu ɗaya a gari ɗaya. Tsofaffin rijiyoyi, ko marina, ko makarantun allo da suka haura shekara hamsin, ko inda ganuwa da ƙofofi suke a da, ko kasuwannin ƙauye da ranakun cinsu.

Ka fara da gaisuwa. Je wurin mai unguwa ko hakimi, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, ina son in rubuta tarihin rijiyoyin garin nan." Shi zai haɗa ka da dattijon da ya sani. In ka shiga gari kana ɗaukar hoto ba sallama, a wannan zamanin na rashin tsaro, kai ka ja wa kanka.

A kowane wuri ka rubuta abu shida: sunan yadda mutanen wurin ke faɗinsa, sauran sunayensa in akwai, lambobin GPS, hoto, wanda ya ba ka labarin, da ranar da ka je. In ya yarda, ɗauki muryarsa yana faɗin sunan, don rubutun boko ba ya nuna karin sauti. Abin daɗin shi ne GPS ba ya cin data. Ko babu sabis wayarka na iya karanta inda kake, kuma a fili kuskurenta 'yan mitoci ne. Manhajar KoboCollect tana ba ka damar cike fom ba intanet, in ka dawo gari ka tura. Google My Maps ko uMap sun isa ka fitar da taswirarka ta farko. In ka samu kwamfuta, QGIS kyauta ce, kuma da ita ƙwararru ke aiki.

Sannan ka gwada abin da ka ji da abin da aka rubuta. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke. Akwai malaman tarihi da na labarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Littafin Murray Last kan daular, wanda ya fito a 1967, har yau ana komawa gare shi. Google Earth kuma yana da tsofaffin hotuna, kana iya ja baya ka ga yadda gini ya cinye fili cikin 'yan shekaru.

Abin da yake nan a ƙasa yau, kamar masallaci ko kasuwa ko hanya, kana iya sa shi a OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke ginawa da kansu tun 2004. Sharaɗinsu shi ne kada ka kwafo daga Google. Abin da ya riga ya shuɗe kuma yana da nasa gidan, OpenHistoricalMap. Hotunanka su tafi Wikimedia Commons, bayanin ya shiga Wikipedia ta Hausa.

Ke kuma 'yar'uwa, kada ki ce wannan aikin maza ne. Akwai gidajen da aka rubuta "ba shiga", namiji zai tsaya a zaure, ke ki wuce har ɗakin tsohuwa. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Daga waɗanne ƙauyuka? Ta waɗanne hanyoyi? A gidan wa suke sauka? Ki zauna da Inna ko Goggo ki tambaya. Abin da za ta gaya miki ba za ta gaya wa wani farfesa ba.

Inda za ka taka a hankali

Ɗigo a taswira yana da kwarjini. Mutum ya gan shi sai ya ɗauka magana ta ƙare. Saboda haka in dattawa biyu sun saɓa kan inda wani gida yake, rubuta duka biyun, ka faɗi wanda ya ce me. In kusan wurin kawai aka sani, zana da'ira, kada ka sa ɗigo. Ƙara layi a teburinka mai cewa "tabbas", "mai yiwuwa", ko "ji na yi". Daulolin da ma ba su da iyaka mai kaifi irin ta jihohin yau, don haka kada ka ja layi inda magabata ba su ja ba.

Ba kuma komai ake sa wa a intanet ba. Gidan da ke da tsofaffin littattafan hannu, kada ka nuna ƙofarsa ga duniya. Kushewa da wuraren da mutane ke girmamawa, sai da izinin masu su. Iyakar gona ko ta masarauta da ake rigima a kai, ka bar ta, taswirarka na iya zama makamin wani a kotu. Wuraren da hanya ba ta da lafiya, irin wasu sassan gabashin jihar inda Alƙalawa take, ko wajen Gudu da Tangaza, kada ka kai kanka don neman hoto. Tarihi zai jira, rai ba shi da na biyu.

In ka gama kuma, koma ka nuna wa waɗanda suka ba ka labarin. Buga kwafi ɗaya ka kai fadar hakimi, ɗaya makarantar firamaren garin. Su ne masu abin.

Kafin a shafe

Duba Surame da ke ƙaramar hukumar Binji, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16. Ganuwarsa ta dutse ce, shi ya sa har yau ake ganin ta, har ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007. Yawancin abin da kakanninmu suka gina kuwa da ƙasa ne. Damina na ci, masu yankan fulotai na ci, masu ɗibar ƙasar gini na ci. Marinar da ta rufe yau, gobe shago ne. Dattijon da ya san sunan kowace karofi, in ya tafi ya tafi da su.

Hutun nan da ke tafe, ware Asabar ɗaya. Cika wayarka da caji, ɗauki littafi da biro, ka tafi wurin mafi tsufa a unguwarku. Gaishe shi, ka zauna ƙasa, ka ce, "Baba, wai me ya sa ake ce wa nan wurin haka?" In ya nuna maka da sanda, tashi ka je ka tsaya daidai wurin, ka danna.

Ran da kuma ka sake shiga motar Jega, in an zo Bodinga, ɗaga kanka.